Ni Ido, Shi Kunne

Ban yi boko ba. Faransancin da na iya bai wuce na gaida jandarma ba. Amma na fi shekara goma ina bin tseren keke na Turai, sau uku a shekara, kowane mako uku. Na Italiya yana zuwa da zafin bazara. Na Faransa yana zuwa ana tsakiyar noma. Na Sifen yana zuwa gero ya fid da kai. Wani Bagobiri ne ya ja ni ciki.

Tare muka yi fito da shi muna samari, tun babur bai yi yawa ba. Jarka huɗu ta fetur muke ɗaure wa keke, mu bi ta daji daga Jibiya mu sauke a Nijar. Layi ɗaya muke yi. Na gaba shi ke shan iska, shi ke fara shiga rairayi. In ya gaji ya koma baya, wani ya karɓa. Ba wanda ya koya mana haka, ƙafa ce ta koya mana.

Daga baya ya bar fito, ya buɗe shagon kayan keke a garin farko in ka tsallake iyaka. Ni na koma ƙauyenmu wajen Bugaje na yi noma, har ranar da 'yan bindiga suka tashe mu. Na zo Jibiya da matata da harsashi a cinyata. Ba zan yi maganar wannan ba. Na samu gindin bishiya na fara gyaran keke.

Wata rana da damina na tsallaka in sayi sarƙa da tayoyi. Na tarar da shi ya sa sola a kan shago, ya kafa talabijin, ya zuba masa ido ko sallamata bai amsa da kyau ba. Na duba. Mutane ne a kan kekuna, layi ɗaya, suna hawan dutse. Na gaba ya kauce ya koma baya, wani ya karɓa. Na tambaye shi ko su ma 'yan fito ne. Ya yi dariya har ya kama tari. Ya ce dama Bakatsine ko Makka aka kai shi jarka zai nema.

Ya taɓa zama a Yamai, yana jin Faransanci. Shi ya fasa mini abin da irin maganarmu. Tafiyar kowace rana zango ce. Taron masu keken ayari ne. Wanda ya fi kowa ƙarancin lokaci in an haɗa zangunan shi ne madugu, kuma rigarsa daban ce. Akwai waɗanda aikinsu kawai su tare wa madugu iska, su koma baya su ɗebo masa ruwa, ba sa cin komai. Can ƙarshe akwai mota mai kwashe waɗanda suka gaza, ya ce sunanta motar tsintsiya. Kuma wanda ya iso bayan lokacin da aka yanka, ko da ƙafarsa ya iso, an cire shi, gobe ba shi ba hawa. Sai dai in ranar an sha ruwa ko iska mai tsanani, alƙalai kan yafe.

Wannan dokar ce ta kama ni. Shi madugu yake so. Ni na baya nake nema, waɗanda ba a cika nunawa ba, masu jini a gwiwa suna tuƙi don kada a cire su. Yakan ce kowa da danginsa.

Shekaru muka yi haka. In lokacin tsere ya zo, nakan rufe aiki da azahar sau uku ko huɗu a mako, in hau keke in tsallaka. Ma'aikatan ƙofar iyaka sun san ni. Hawan dutse na ƙarshe yakan faɗo daidai da kiran la'asar, mukan yi gardama a kan wanda zai fara tashi ya yi alwala.

Sannan ciwon suga ya ci idonsa. Da farko rubutun ƙasan talabijin ne ya daina gani, daga baya launin riguna, daga baya komai. Ya sayar da shagon. Talabijin ɗin ya koma da shi zaurensa. Na ɗauka shi ke nan an gama. Ashe lokacin muka fara kallo na gaske. Shi yana jin abin da masu magana a talabijin ke faɗa, sunaye da mintuna da nisan da ya rage. Ni ina ganin abin da ba su faɗa ba.

Na tuna wata rana a tseren Faransa, ana hawan wani dutse mai tsawo.

"Mi ka gani, Bakatsine?"

"Ya gaji."

"Wa ya gaji? Mutum sun fi ɗari bisa hanya."

"Madugunka."

"Masu magana sun ce lafiyarshi lau."

"Masu magana ba su taɓa ɗaukar jarka ba. Kafaɗarshi na rawa. Ya zame gaban sirdi."

Kafin a sha kwanar hanya ta biyu aka bar madugun a baya. Turawan suka yi ta ihu kamar abin mamaki ne. Daga ranar ya fi yarda da idona a kan bakinsu, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Abin da ke ba shi haushi shi ne rowar maganata. Yakan ce in daina auna masa kalma kamar mai sayar da fetur a kwalba. Yana son ya san ko akwai ƙanƙara a kan dutsen, ko shanunsu masu ƙaho ne, wane irin mahaukaci ne ke gudu tsirara a gefen hanya. Dole na koyi faɗa. Maganar da nake yi a kan tabarmarsa cikin mako uku ta fi wadda nake yi a sauran shekara.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Nijar, an gama tseren Faransa da 'yan kwanaki aka rufe iyaka. Saura na Sifen. Ya kira ni a waya. Matarsa ta rasu tun bara, kuma ɗiyarsa da ke aure a Damagaram ta ce ba za ta bar shi shi kaɗai ba, ƙarshen wata mai zuwa za ta zo ta tafi da shi. Ya ce in zan zo, in zo a wannan, don ba ya tsammanin akwai wani.

Sau biyu na je ƙofa, sau biyu aka mai da ni. Saura hanyar daji. Gero ya wuce kan mutum, kuma waɗanda suka tashe ƙauyenmu a irin wannan lokacin suka fi yawo. Na san su, ba labari aka ba ni ba. Matata kuwa famfon keken ta ɗauke ta ɓoye a cikin buhun dussa.

Na gwada kallo a nan Jibiya. Mai gidan kallon ƙwallo ya nemo mini tashar rana ɗaya kafin samari su cika. Na zauna ina ganin mutane suna tuƙi, ban san wa ke gaba da wa ba, ban san saura nawa ba. Can kuma shi yana zaune yana jin surutu ba ya ganin ko ƙafa ɗaya. Da yamma in ya kira, ya faɗi nasa rabin, ni ba ni da nawa. Mako biyu suka wuce haka, na uku ya kusa ƙarewa.

Ranar Asabar ce zangon dutse na ƙarshe. Na samo famfona, matata kuma tana kallona ba ta hana ba. Na tashi da hantsi. Tafiya ce da a da nake yin ta da jarka huɗu kafin rana ta take. Na ba kaina lokaci har ya yi yawa.

An yi ruwa da asuba. Ƙoramar da muke tsallakewa da ƙafa ta cika ta kawo. Na zauna a baki ina jira ta sauka, da na ga ba ta da niyya na saɓa keken a kafaɗa na shiga. Ruwa har ƙirji. Cinyar nan ta fara magana tun daga nan. Gaba kaɗan ƙaya ta huda tayar baya, na zauna na yi faci. Ina cikin buga iska na ji ƙarar babura. Na ja keken cikin gero na kwanta. Sun wuce, sun kai biyar. Ban ɗaga kai na ga ko su wane ne ba. Na daɗe a kwance bayan ƙarar ta ɓace.

Da na ji kiran la'asar daga wani ƙauye, na san inda nake, na san sauran tafiyar. Ba zan samu zangon ba. Na tsaya na yi salla a gefen gona. Na yi tunanin juyawa. Amma na sha ganin mutanena na baya suna tuƙi zuwa layi bayan sun san an cire su, 'yan kallo ma sun watse. Na hau na ci gaba.

Na iso rana ta yi ja. Talabijin yana kunne, wasu masu kwat ne zaune suna surutu. Yana kan tabarma, ya rame fiye da yadda na bar shi. Ban yi sallama ba tukuna ya juyo da kai. Ƙarar sarƙata ya gane.

"Ka makara, Bakatsine. Motar tsintsiya ma ta wuce."

"Ruwa ne."

Ya miƙo hannu ya taɓa ƙafar wandona, ya ji ta a jiƙe da laka.

"In ruwa ne, alƙalai na yafewa. Zamna."

Na zauna. Ya ba ni labarin zangon duka yadda ya ji shi, wa ya ɓalle wa ayari, wa aka bari, minti nawa. Da ya gama ya ce saura nawa rabin. Na ce ban ga komai ba. Ya ce ƙarya nake, tun hantsi nake kan hanya da ido biyu. Sai na faɗa masa. Ƙorama da inda ta ci gaɓa. Tsamiyar da muke hutawa, an sare rabinta. Rairayin da ya taɓa kayar da shi da jarkoki, yana nan. Ya ce ni ne na faɗi ba shi ba. Muka yi gardama a kan wannan har aka kawo tuwo.

Na kwana. Washegari muka kalli zangon ƙarshe, na cikin birni, wanda ba a yin komai a cikinsa sai zagaye. Ban taɓa son wannan zangon ba. Ranar na faɗa masa komai, har tutoci da tantabarun da ke tashi in ayari ya wuce. Bai ce na yi rowa ba.

Ɗiyarsa ta zo ta tafi da shi kamar yadda ta ce. Daga baya an buɗe iyaka, amma ba ni da abin tsallakawa in yi. Damagaram ta yi wa cinyata nisa, gidan ɗiyar kuma ba sa kama tashar. Yakan kira in tsere ya zo, ya tambayi wa ke gaba. In ce ban sani ba, ba ni da kunne.

Yanzu ina da waya mai hoto. In lokaci ya yi nakan jingina ta a akwatin kayan aiki, in bar muryar a buɗe duk da ba na jin ko kalma. Bana, wata rana da la'asar, wani mutum ya kawo keke in gyara masa birki. Ina ɗaurewa ina kallo, sai na ga kafaɗar madugu ta fara rawa.

"Ya gaji," na ce.

Mutumin ya waiga hagu da dama, ya tambaye ni da wa nake. Na ce ya riƙe mini tayar gaba.