Ko-ta-kwana Ya Ajiye Makullai

Kafin masu shaguna su fara buɗe ƙofofinsu, shi ya riga ya gama zagayen farko. Daga ƙasa yake farawa. Ya leƙa ɗakin janareta ya shinshina, ya ɗaga murfin magudanar ruwa ya ga ko leda ta toshe ta, ya hau bene yana duba tukwanen kashe gobara ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ƙare da matakalar baya, wadda ba mai bin ta sai shi. In ya tarar da ko kwali guda a kanta, ranar mai kwalin sai ya gwammace kiɗa da karatu.

Wannan shi ne manajan wani gidan shaguna mai hawa uku, wanda ya ajiye aiki a makon jiya bayan ya tsufa a kansa. 'Yan haya ne suka laƙaba masa Ko-ta-kwana, don kullum cikin shirin abin da bai zo ba yake, kuma sunan ya bi shi har matarsa ma da shi take tsokanarsa. Gaskiyar magana, mafi yawansu ba su taɓa gane kansa ba. Ana tsakiyar ciniki sai ya kaɗa ƙararrawa, wai atisaye, kowa ya saki abin da yake yi ya sauko fili. Mai kemis ya taɓa fitowa da sirinji a hannu, wanda za a yi wa allurar na biye da shi yana riƙe da wando.

Abin da ya fi ɗaure musu kai shi ne dokar abokin fita. Kowane mai shago an haɗa shi da wani, in an taru a fili dole ka nuna naka ko ka faɗi inda yake. To da aminai ya haɗa da sauƙi. Sai ya bi ya zaɓo waɗanda ba sa ga-maciji da juna. Ya haɗa tela, wata bazawara mai 'ya'ya da ke hawa na biyu, da mai gyaran waya da ke jikin bangonta, alhali kowa ya san ko gaisawa ba sa yi. Shi yana cewa kekenta na girgiza masa tebur, ita tana cewa hayaƙin dalmarsa na shiga mata kaya. Dukansu sun je sun roƙi a canja musu, ya ce a'a, bai kuma faɗi dalili ba. Mai gidan da kansa ya tambaye shi ko so yake a yi dambe, ya yi murmushi kawai.

Ranar da abin ya zo, da rana tsaka ya zo. Wuta ta tashi a ɗakin ajiyar mai sayar da katifu, a hawa na biyu. Ko-ta-kwana ya kaɗa ƙararrawa, ya kashe wutar lantarkin gidan gaba ɗaya, ya sa aka kira 'yan kwana-kwana. Mutane suka riƙa saukowa suna ja da ƙafa suna tsaki, a zatonsu tsohon ne ya sake taso da rigimarsa. Sai da baƙin hayaƙi ya turnuƙo ta tagogi sannan fili ya rikice. Wannan na neman ɗansa, wancan na son komawa ɗauko kaya, wasu na ta salati, ba mai jin maganar wani. Da ƙyar manajan ya samu kowa ya kama abokin fitarsa.

Saura tela. Aka ce ai ba ta zo ba yau. Wata mata da ta zo karɓar ɗinki ta rantse ta buga ƙofar har hannunta ya yi ciwo, tana nan zaune a gindin bene tun ɗazu tana dakonta. Shi ma manajan da idonsa ya ga kwaɗo a ƙofar sa'ad da ya wuce yana koro mutane.

"Tana ciki, Baba," in ji mai gyaran waya.

"Ɗana, kwaɗo na gani a waje."

"Ta taga take zuro hannu ta maƙala shi, in tana ɓuya wa masu karɓar ɗinki. Wallahi har ka kashe wuta teburina rawa yake."

Nan kan Ko-ta-kwana ya kulle. Idonsa ya ga kwaɗo, ga mace tana rantsuwa, ga kuma dokar da shi ya kafa da bakinsa cewa wanda ya fito ba ya komawa. Mai maganar kuwa mutum ne da bai taɓa faɗin alheri a kan matar ba. In ƙarya ce, ya kai kansa cikin hayaƙi a banza, da tsufansa da tarinsa. In gaskiya ce, uwar marayu na can bayan ƙofar ƙarfe, katifu na ci kusa da ita. Ya ce daga baya bai san lokacin da ya yanke shawara ba, sai dai ya tsinci kansa a matakalar baya da jiƙaƙƙen tsumma a hanci, mai gyaran waya na binsa da guduma.

Suka buga ƙofa, shiru. Suka sake bugawa suna kiranta, sai ga murya daga ciki tana tari tana cewa, "Ba na nan!" Ashe ta ji ƙararrawar, ta ɗauka atisaye ne, ta ga in ta sauko za ta faɗa hannun matar nan mai karɓar ɗinki da ta yi wa alkawari sau ba adadi. Da hayaƙin ya fara shigowa kuma ta rikice, makulli ya ɓace mata a cikin tarin yadi. Duka kaɗan kwaɗon ya saki. Suka sauko da ita ta baya, tana tambaya ko matar ta tafi.

Hawan nan ya ƙone sosai, amma ba a rasa rai ba. Sai a lokacin 'yan haya suka gane sauran abubuwan da ya yi ta damunsu da su. Inshorar da ya matsa wa mai gida ya riƙa sabuntawa ita ta gyara ginin. Ashe kuma tun tuni ya yi magana da manajan gidan da ke kallonsu, cewa duk wanda masifa ta faɗa wa, ɗayan zai ara masa wuri. Kafin toka ta gama hucewa tela na ɗinki a wani lungu a tsallaken titi. Da mai gida ya sake tambayarsa batun haɗa abokan gaba, sai ya ce mai ƙaunarka yana yarda da abin da ka nuna masa, amma mai jin haushinka ko tari ka yi ya sani.

Kai ne, Baba, ka yarda a kira ka mai neman rigima shekara da shekaru don kada a kira ka wurin gawa. Kai ne ka sha tsaki da harara ba ka fasa hawa benen nan ba, ga gwiwa na ciwo. Aikinka irin wanda in ya yi kyau ba a ganinsa ne, shi ya sa muka daɗe ba mu gode maka ba, kuma abin yana ba mu kunya. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka hutu mai daɗi cikin iyalinka. Ku kuma masu riƙe da gidajen haya da kasuwanni, ku tashi ku duba matakalar bayanku tun yau, ku san wa zai nemi wa in rana ta ɓaci.

Ranar da ya miƙa makullai, 'yan haya sun taru a fili, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Da aka zo kan tela sai ta miƙe. Ta dube shi, idonta ya cika, ta ce, "Baba, ni har yau ban gane ka ba. Amma albarkacinka, jiya ni na raka 'yata makaranta."