Saƙon da Ya Zo Ina Cikin Ƙunshi

Ni ce na ba ƙanwata tabbaci, shi ya sa abin yake ci min rai har yau. Tana aure a Bacirawa, ni ina ƙauyen mijina kusa da Ɗambatta. Sau uku tana ɓari, kuma kowane karo surutun dangi ya fi ciwon yi mata zafi. Da ta ce tana tsoron faɗar magana ta waya, sai na karanta mata rubutun nan da ke fitowa a saman hira, na yi mata bayani: saƙo a kulle yake tafiya, daga ni sai ita, ko masu kamfanin ba sa iya buɗewa. Wayata kuma da yatsana take buɗuwa.

Wata Alhamis da hantsi na zauna ƙunshi, hannu biyu a naɗe cikin leda. Matan gida na tsakar gida suna ɓarar gyaɗa. Waya ta yi ƙara a kan tabarma, na leƙa na ga saƙon murya ne daga gare ta. Kwana biyu ba ta jin daɗi, hankalina ya tashi, ga yatsan yana cikin lalle.

Sai na faɗa wa Gwaggo, ƙanwar surukina, lambobin sirrin wayar, na ce ta kara min a kunne.

"Nan zan danna?"

"Nan ne, Gwaggo, amma ki kawo kunnena tukuna."

Ba ta kawo ba. Ta riƙe wayar nesa kamar mai duba madubi, ga sauti a ƙure tun wa'azin da na saurara da safe. Muryar ƙanwata ta cika gidan: "Yaya, wata biyu ne. Don Allah ko Inna kada ki gaya wa."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa.

"Gwaggo, ki ji tsoron Allah, amana ce!"

"Yo abin alheri ake ɓoyewa? Mu addu'a za mu taya ta."

Kafin la'asar addu'ar ta kai Shanono, wajen Innarmu. Inna ta kira ƙanwata da faɗa, wai sai a bakin mutane za ta ji. Ƙanwar tawa kuma ta kira ni tana kuka.

"Ke kika ce ko kamfani ba ya ji."

Kamfanin kam bai ji ba. Sai haƙuri nake ta ba ta.

Na canza lambobin, na rage sautin, na yi ta yi mata addu'a bayan kowace salla. Allah ya tsayar da cikin. Amma daga ranar ba ta ƙara aiko min komai ba sai gaisuwar Juma'a. Haihuwar ma a bakin Gwaggo na ji.