Muryar Gwaggo a Gonar Alkama

Shekarun baya, lokacin da mutane suka fara kwashe waƙoƙin kaset suna zubawa a waya, na yi wata tafiya Jiratawa wadda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Gwaggona, yayar mahaifina, mawaƙiya ce a ƙuruciyarta. Ba ta kalangu ba, ba ta amada ba. Kiɗan nan na baƙar fatar Amurka da ake kira sol, wanda 'yan kasuwar Maradi ke shigowa da fayafayansa daga Najeriya, shi ta yi ta saurare har ya zauna mata, ta mai da shi Hausa. A sanina, da sanin tsofaffin da na tambaya, ita ce macen farko a garin nan na Maradi da ta hau dandali gaban maza masu gita da ganga, ta riƙe mikro da hannunta. Sun ce in ta ja murya sama, masu tuya a bakin ƙofa sai su bar ƙosai ya ƙone. Tukwicin da dangi suka ba ta kuwa shi ne suna marar daɗin faɗi. Ni ma ba zan wanke kaina ba. Ina lakol, wato makaranta, in ƙawaye suka tambaye ni, cewa nake maƙwabciyarmu ce kawai.

Ta tsufa a Tibiri, ba ɗa ba jika. Daga baya ɓarin jikinta ya shanye, harshe ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ta yi kokawa da ita kafin ta fito. Wata rana da na je gaida ta, ta riƙe mini zane, ta ce tana so ta ƙara jin muryarta ko sau ɗaya kafin ta cika. Kaset takwas take da su, waɗanda aka ɗauka da rakoda a wuraren wasa, kuma babu kwafinsu ko'ina. Da ɗakinta ya rushe wata damina, an kwashe kayanta an kai ajiya gidan ƙanenta a Jiratawa, wato ƙanen mahaifina, wanda muke kira Baba. Na ce mata wannan ai ba komai ba ne, sati mai zuwa zan kawo mata su. Satin nan nawa sai da ya shekara biyu, kun dai san ni da cika baki.

Ranar da na je, matar Baba ta ce yana gona. Na tambaye ta kwalin Gwaggo, ta nuna mini bayan rumbu. Kwalin yana nan, kaset ɗin ma suna nan, takwas cif, da rubutun hannun Gwaggo a jikinsu. Na ɗaga ɗaya na ji ba nauyi. Na duba ta 'yar tagar tsakiya, babu zare ko kamu ɗaya. Duka takwas ɗin haka.

Da ƙafa na bi bakin magudanar ruwa har fadama. Lokacin alkama ta fid da kai, tsuntsaye sun matsa. Tun daga nesa na hangi gonar Baba tana walƙiya. An kakkafa karare, an ɗaura zaren kaset daga wannan zuwa wancan, gona guda an zagaye ta, an ratsa ta. Iska na kaɗa shi yana wani kuka siriri. Manoman wurin duk haka suke korar tsuntsu, na sha gani ban taɓa damuwa ba. Ranar dai na tsaya kamar an dasa ni.

Na gaishe shi, don ba a fasa gaisuwa. Sannan na tambaye shi ko ya san abin da ya rataya. Ko ɗaga kai bai yi daga gyaran kwamin shuka ba, ya ce ya sani sarai. Wai kaya ne suna zaune gara na neman ci, alkama kuwa abinci ce, ita ma Yaya ana kai mata. Da a nan ya tsaya, da wataƙila na haɗiye. Sai ya miƙe ya karkaɗe hannu.

"Ɗiyata, ai taimakonta na yi. Mace ta kusa kabari, a bar muryarta tana yawo a kunnen maza? Na rage mata kaya."

Jama'a, wannan mutumin fa, mahaifina ya sha ba mu labari, shi ne mai zama layin gaba a duk wasanta, yana bugun ƙirji yana cewa yayarsa ce. A tagar ɗakinsa kuma, na gani da idona, kaset ɗin waƙoƙin kokawa jere sun fi ashirin, ko ɗaya bai kwance ba. Waɗannan ba su korar tsuntsu ke nan. Na ce masa:

"Baba, tana da rai. Tibiri ba Makka ba ce. Me ya hana ka tambaye ta?"

Ya ce mace ba ta yi masa tsawa a gonarsa. Na tuɓe takalmi, na shiga cikin laka da kayan kwalliyata, ina kwance zare ina naɗewa a kara, hawaye na zuba, maƙwabtan gona sun jingina da fartanya suna kallon mahaukaciyar birni.

Na kai wa wani mai gyaran rediyo a Sabon Gari. Ya juya tulin zaren a hannu, ya ce rana ta cinye, ruwa ya wanke, galibinsa ya koma fari fes. Duk da haka ya zauna kwana uku yana tsintar wuraren da suka yi saura, yana liƙawa da jan farce, yana naɗewa da bik, wato biro. Abin da ya fito bai kai minti biyu ba. Ya zuba mini a waya, yana ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifin.

Na saurara a shagonsa. Ana jin gita, ana jin tafi, sannan murya ta shigo. Amma zaren ya miƙe saboda zafi, muryar ta yi kauri, tana lilo, tana nutsewa kamar rediyon da batirinsa ya mutu. Na ce wa kaina ai ko babu komai an samu wani abu. Har da sayen lemo na yi, na hau kabu-kabu zuwa Tibiri ina jin kaina gwana.

Na tashe ta zaune, na jingina ta da filo, na kunna. Ta rufe ido, yatsun hannunta mai lafiya suka fara bin kiɗan a kan tabarma. Da muryar ta shigo sai yatsun suka tsaya. Ta saurara har ƙarshe, ba ta ce in sake ba. Ta daɗe tana haɗa maganar a bakinta, sannan ta ce:

"Wannan ba ni ba ce."

Ta juya fuskarta bango. Ban faɗa mata inda zaren ya kwana ba, ita ma ba ta tambaya ba. Kafin damina ta faɗi Allah ya yi mata rasuwa. Baba shi ne a gaba wajen karɓar gaisuwa, yana share ido da bakin rawani.

Mun shirya da shi daga baya, kamar yadda dangi ke shiryawa, a yi gaisuwa a wuce. Haushin dai bai tafi ba, kuma rabinsa nawa ne, don shekara biyun nan ba shi ya ɓata su ba. Yanzu 'yan mata na waƙa da gita a bainar jama'a, iyayensu na ɗaukar su hoto, babu wadda ta san wata ta sha zagi kafin a buɗe musu hanya. Wasu masu bincike sun neme ni, sun ji ina da sautin, sun roƙa in tura musu don a adana. Yana nan a wayata, na canza waya sau huɗu ina tafe da shi. Ban taɓa tura wa kowa ba, kuma ba zan tura ba. Mai muryar ta saurara da kunnenta ta ce ba ita ba ce, ni wace ce da zan ce wa duniya ita ce?