Rajbala ta Gindin Matakala

"Na ce ba za ta je ba! Matar ɗana ba za ta tsaya a tasha fuska buɗe ba, kowane ɗan tasi yana ƙare mata kallo."

"To ni da na tsaya shekara da shekaru, wa ya sace ni?" in ji Rajbala.

"Ke wa zai sata? Ya kai ki ina?"

"Kin ji shi ko, Omwati? Baban Satbir ke nan. Haƙori babu, amma baki na nan."

Ni ce Omwati, maƙwabciyarsu. Aron gishiri na shigo, ko da yake gwangwanina cike yake. Na samu gefen gadon igiya na zauna, don rigima irin wannan ba a jin ta da kyau ta bayan katanga.

Ga abin da ya haɗa su. Rajbala mai shara ce a tashar jirgin garinmu, kuma ƙarshen makon nan za ta ajiye tsintsiya, gwiwoyi sun ƙi. Ɗan kwangilar shara ya ce ta kawo wadda ta yarda da ita. Ta zaɓi Nilam, matar ɗanta Satbir. Satbir ya ce abin da babansa ya yanke shi ke nan. Tsoho Harpal kuwa, mijin Rajbala, ya kafe. Ita Nilam tana tsugune bakin murhu tana gasa gurasa, lulluɓi har ƙirji tunda surukinta na tsakar gida.

In don shara ce, wa ya damu? Kowa ya iya shara. Gindin matakala ne abin ji. In Nilam ba ta je ba, babu mai tsayawa a wurin.

Kullum da sassafe Rajbala kan ɗaura gurasarta a ƙyalle, ta jera fil masu makulli a jikin awarwaronta har su yi kamar geza, ta nufi tasha. A da can tsohon jirgi ne, mai tsayawa a kowane gari kamar mai gaisuwar mutuwa. Sai aka zo aka kafa ginshiƙai, kowanne ya fi bishiyar darbejiya tsawo, aka shimfiɗa hanya a samansu. Jama'a, na ga abu! Jirgi a sama da gonakin rake, ba hayaƙi, ba ƙara, sai iska kawai ka ji ta wuce. Ƙofofi su buɗe da kansu, su rufe da kansu. Ka shiga da gurasa mai zafi, ka sauka Delhi ba ta gama hucewa ba, bayan ka bi ta ƙarƙashin ƙasa kamar gafiya. Mijina marigayi yini guda yake yi a wannan hanya. Da zai tashi ya gani, da ya sake komawa don tsoro.

Amma kafin ka kai ga jirgin sai ka hau sama, kuma matakalar da kanta take tafiya. Tana fitowa daga ƙasa, tana haɗiye kanta a sama, ga haƙora a baki. Akwai akwatin ƙarfe mai hawa da mutane, amma kullum cike yake da buhuna, kuma tsofaffinmu sun ce ba za a rufe su a akwati da ransu ba. Sai su taru a gindin matakala. Wata ta tuɓe takalmi kamar za ta shiga ɗakin bauta. Wata ta taɓa matakin ta shafa a goshi. Wata ta ɗaga ƙafa ta mayar, ta ɗaga ta mayar, har jirgi ya tafi.

Ba wanda ya sa Rajbala. Tsintsiyarta kawai ta jingine wata rana ta ce wa wata tsohuwa, "Inna, sa takalminki, ba abin bauta ba ne. Kawo hannu." Ta tattare mata bakin sari, dogon zanen nan namu mai jan ƙasa, ta cire fil ta maƙale, ta hau da ita. Ta sauko ta ɗauki wata. Ni ma ita ta hau da ni, ina ihu ina kiran uwata da ta daɗe a ƙasa, tana cewa, "Rufe bakin, Omwati, ƙuda zai shiga. Yau kin samu abin ba da labari."

Ranar amarya kuwa Bimla mai shayi ce ta gani da idonta, kuma Bimla ba ta ƙari sai kaɗan. Wata amarya ce daga ƙauye, jan sari, lulluɓi har ciki, surukinta na biye da ita da ƙaton rawani da gashin baki. Yarinya ba ta ganin ko yatsun ƙafarta, kuma ai ba za ta yaye fuska a gabansa ba. Ta taka a makance. Ƙafa ta zame, bakin sari ya shiga haƙora, matakala ta fara jan ta. Surukin ya tsaya hannu a sama, don shi ma ba ya taɓa matar ɗansa. Rajbala ta yar da bokiti, ta doki jan maɓallin nan na tsayarwa, ta rungumo yarinyar. Sari ya yage, amarya ta tsira.

Tun ranar ta kafa dokarta. Duk surukin da ya zo da mai lulluɓi, sai ta tare shi: "Baba, kai ka yi gaba. Ka kalli gabanka, kada ka waiwayo sai ka kai sama." In ya hau ya ba da baya, sai ta raɗa wa yarinyar, "Yaye, 'yata, ba ya ganinki." Ba a karya al'ada ba, ba a karya ƙafa ba. Manya masu gonaki sun hura hanci da farko, wai mai shara ke ba su umarni. Yanzu da kansu suke wucewa gaba, wuya a sanƙare kamar sojoji.

Rajbala, ke ce mai hannun da ba a ƙi. Na san gidajen da ba sa shan ruwa daga hannunki don ke mai shara ce. Na ga matan gidajen sun damƙe wannan hannun har farcensu ya bar miki shaida, ba ki taɓa tuna musu ba. Ke ce kika hau da mai ciki, kika hau da makauniya, kika hau da yaran da suka je neman aiki birni. Waɗanda suka kafa ginshiƙai an sa musu furanni a wuya, kuma sun cancanta. Amma jirgin nan da ya wuce ta kanmu kawai, da ba ki kai mu gare shi ba. Mun gode, Yaya. Ku kuma masu ƙafafu lafiya, in kun ga wata tana ɗaga ƙafa tana mayarwa, ku miƙa hannu, ba zai gutsure ba.

Duk wannan na faɗa a tsakar gidan, har da ƙari. Harpal ya zare bakin tukunyar tabarsa ya ce, "Kin gama? Gishirin fa?"

"Ya jira."

Rajbala ta miƙe da ƙyar, dafe da gwiwa. Ta je bakin murhu, ta kama hannun Nilam, ta fara cire fil daga awarwaronta tana maƙalawa a na yarinyar, ɗaya bayan ɗaya.

"Nilam, kina so ko ba kya so? Faɗi da bakinki."

Daga cikin lulluɓi murya ta fito, ƙarama: "Ina so, Inna."

"A gabana?" in ji Harpal. "A gidana?"

Rajbala ta juyo ta dube shi, irin kallon da take yi wa masu rawani.

"Baban Satbir, kai ka yi gaba. Ka kalli gabanka, kada ka waiwayo."

Tsoho ya ture tukunyar tabarsa gefe. Ya dube ni, na kama duban sama. Ya suri sandarsa, ya gyara rawani, ya nufi ƙofa wuya a sanƙare. Bai kai ga fita ba Nilam ta yaye lulluɓinta. Ya ji ƙarar awarwaro sarai, na ga kunnensa ya motsa. Bai waiwayo ba. Ya fita, ya bugo ƙofa garam, har ƙasa ta zubo daga bango.