Ranar da Tanimu ya zazzage huhun goro

Jama'a, na daɗe ban ce uffan a nan ba. Kaza ce ta dawo da ni.

Allah ya saka wa masu ba da tallafi da alheri. Jikata ta kai ni taronsu a wani otal a Ikeja, wai an samu kuɗin bincike kan otizim, abin da wasu ke kira galahanga, da na taimaka wa unguwanni. An ba mu jaka, an ba mu biro, an yi Turanci har na ji sanyin wurin ya shiga ƙashina. Kazar da aka ba mu kuwa ba laifi. Abu ɗaya suka manta: ba su tambayi kowa komai ba.

To ni bari in faɗa.

Lokacin da kuɗin fetur ya fara zuba, Babanmu dillalin goro ne a Agege. Ƙanena Tanimu ya kai shekara biyar bai ce ko Inna ba. Ka kira shi, kamar da bango kake. Jirgin ƙasa na yin kuka sai ya toshe kunne ya dinga buga kai da ƙasa. Aikinsa jera abubuwa: takalma, murafan kwalba, duwatsu. Ka taɓa ɗaya, ranar ba mai sakewa a gidan.

An yi rubutu, an yi hayaƙi. Iya Sikira maƙwabciyarmu ta kawo agbo, jiƙon Yarbawa mai ɗacin tsiya. Inna ta sayar da zannuwanta na aure muka nufi asibiti a cikin Ikko, ni ce tafinta don na yi firamare.

Kati, layi, ku dawo Talata. Aka gwada kunne, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton kai. Mutum huɗu ke danne shi kafin allura ta shiga. Ina jin ihunsa har yau.

A zuwa na biyar likitar ta ce, "Kunnensa lafiya. Ba hauka ba ne. Ba ni da kwalbar maganin da zan ba ku. Ku lura da abin da yake so, ku bi shi ta nan."

Da na fassara wa Baba, ya ce, "Duk wannan hawan motar danfo da muka sha, don a ce mu lura?"

Sai Kawu Bala, wan Baba, ya zo daga arewa da shawara. Akwai malamin da ke sa wa irinsu mari a ƙafa har aljanin ya gaji. Jirgin da zai ɗauki goro ranar Asabar, shi zai ɗauki Tanimu. Baba ya amince. Inna ta daina cin abinci. Ni kuwa tsoro ya hana ni kallon ƙafafun yaron.

Ranar Alhamis na kai wa Baba tuwo rumfa, Tanimu na biye da ni. Kafin in ajiye kwano ya zazzage huhu guda, wanda aka gama tsincewa aka shimfiɗa wa ganye, ɗinki kawai ya rage. Ya zauna yana jerawa, fari nan, ja nan, wasu kuma yana ture su gefe.

Kawu ya ce, "Ka gani ko?"

Baba ya ɗaga hannu zai mari Tanimu. Malam Audu, tsohon da ke mana tsintar goro, ya ce, "Alhaji, dakata."

Ya ɗauki ɗaya cikin na gefen, sumul a ido, ya ɓare. Sankara, tsutsar nan da ke cin goro ta ciki. Ya ɓare wani. Sankara. Har ya gama tulin bai samu mai lafiya ba. Wanda ya san goro ya san irin waɗannan kaɗan sun isa su lalata huhu kafin Kano.

Malam Audu ya ce, "Shekara talatin ina wannan aiki, sun wuce ni."

Kawu ya ce, "To aljanin nasa ɗan kasuwa ne."

Baba ya sauke hannu. "Yaya, goro zai hau jirgi. Yaro yana nan."

Malam Audu ya shimfiɗa wa Tanimu tabarma a kusurwar da kukan jirgi bai cika kaiwa ba. Kullum wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Ba tsawa, ba "kalle ni". Yana miƙa goro yana faɗin sunansa, ko an amsa ko ba a amsa ba.

Tanimu na shekara tara ya yi maganarsa ta farko. Ba Inna ya ce ba, ba Yaya ba. Kawu ne ya ciro goro daga aljihu, Tanimu ya kalla ya ce, "Ruɓaɓɓe." Inna ta yi guɗa har Iya Sikira ta shigo ba ɗankwali.

Ba zan ce ya warke ba. Yanzu ya kusa sittin, maganarsa ba ta da yawa, har gobe yana toshe kunne. Amma yana sallarsa, yana cin guminsa, ba kuma wanda ke ɗinke huhu a layinmu sai ya duba.

Na gode wa Allah. Allah ya jiƙan Inna da Baba da Malam Audu, ya saka wa likitar da ta faɗi gaskiya.

Iyaye, ku kai yaro asibiti da wuri, a fara duba kunne. Kada ku ɗaure shi, kada ku ɓoye shi a ɗaki. Ku lura da abin da ke firgita shi ku rage, abin da yake so ku ƙara.

Masu tallafi kuma, ku yi bincikenku, muna so. Amma a cikin kuɗin nan, akwai na tabarma ɗaya da Malam Audu ɗaya a kowace unguwa, ko duk kaza ta cinye?