Daren da Aka Faskara Turmin Kaka

Jiya jikata ta zuba rairayi a kasko za ta soya gyaɗa, ƙamshin nan na ƙasa mai zafi ya bugi hancina, sai na ajiye carbi. Ku ƙamshin gyaɗa kawai kuke ji. Ni kuwa ƙanena nake tunawa.

A Gure aka haife shi, zamanin Nasara, tun kafin babban yaƙinsu, a tsakiyar ɗari. Wanda ya san garinmu da zafi kaɗai bai san shi ba, don rairayin da ke toya ƙafa da rana shi ke komawa kamar ruwan randa da dare. Yaron bakwaini ne, ɗan mitsitsi, kuma kafin shi Inna ta binne biyu. Ba wadda ta yi guɗa. Ban wuce shekara takwas ba, amma na gane tsoro ake ji.

Goggo, ƙanwar Baba, ta yi yadda aka saba yi wa mai jego: ta hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa, ta kawo kaskon garwashi, ta toshe kowace kafa da tsumma. Ba a jima ba jaririn ya soma wani irin tari da ba ya fita, leɓensa ya yi duhu. Kaka, mahaifiyar Baba, ta ce a kwashe wutar duka.

Goggo ta ce, “Iya, sanyi zai kashe shi.”

Kaka ta ce, “Hayaƙi zai riga sanyin. Kwashe.”

A tsakar gida aka mai da wutar. Kaka ta sa Baba ya ɗebo rairayi, Goggo na soyawa a kasko, ana ƙullewa a tsofaffin zannuwa ana jerawa kewaye da yaron. Sai dai hannun Kaka ya yi kanta, tsohuwar da ke ɗaukar garwashi da yatsa ba ta san zafin da zai ƙona jariri ba. Saboda haka kowane ƙulli sai an ɗora a kumatuna. In na zabura, a jira. In na ce daidai, a kai. Wallahi ban taɓa jin tsoron bakina irin na daren nan ba, don na san in na ce daidai alhali ba daidai ba, fatarsa ce za ta saluɓe.

Rairayi kuwa ba ya riƙe zafi. Kafin a kai na ƙarshe, na farko ya huce. Haka aka yi ta yi har ice ya ƙare, aka bi da kara da kashin shanu. Gab da asuba, lokacin da sanyi ke shiga ƙashi, wutar ta kwanta. Inna ta taɓa ƙafar yaron, ta dubi Kaka da hawaye. Ya daina ko motsi.

Kaka ta tura shi cikin rigarta, ta ɗaga murya ta ce wa Baba, “Faskara turmin.”

Turmin nan da shi aka kawo ta daga Bune tana amarya, ko aronsa ba ta bayarwa. Baba ya tsaya da gatari a hannu.

“Turmi nake haihuwa? Faskara, na ce!”

Har yau ina jin ƙarar saran nan. Icen ya bushe shekara da shekaru, ya kama nan da nan. Aka kawo ƙulli, na ce daidai. Aka kawo wani. Ladan na kiran salla sai muka ji wani ɗan kuka kamar na ɗan akuya daga ƙirjin Kaka. Goggo ta durƙushe a bakin ƙofa.

Har ta bar duniya a turmin maƙwabta Kaka ke daka. In an tsokane ta sai ta ce, “Ku kuka karɓi sadaki, ni kuwa ni na biya na angona.”

Yanzu bakwaini kwalba ake sa shi a gidan likita, kuma na gode Allah, ba yarinyar da za a ɗora wa rai a kumatu. Ƙanena ya ga jikoki, amma har ya tsufa ba ya shiri da sanyi. A bazara ya rasu. Da maza suka dawo daga kai shi, na tambayi babban ɗansa ko rairayin kabarin da ɗumi.

Ya ce mini, “Da ɗumi, Goggo.”

Na ce, to, daidai.