Sa Hannun da Na Ji Nauyin Nema

Abubuwa da yawa sun same ni a shekarun da na yi a Doha, wasu ma sai an tuna mini nake tuna su. Amma shekarar da 'yata ta fari ta gama sakandare, wannan kam har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba.

A lokacin ina aiki a wata jami'a mai zaman kanta, ni ke kula da kayan ɗakin gwaje-gwaje na ɗaliban kimiyya. Ba wani babban matsayi ba ne, sai dai jami'ar ce ta ɗauke ni da kanta, ita ce kafil ɗina, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, ba kamfanin 'yan kwangila ba. Shi ya sa na samu damar ɗauko iyalina daga Kano. Muna zaune a unguwar Mu'aither, a wani ɓangare na gidan da aka raba wa iyalai huɗu, ni da maiɗakina da yara uku. Babbarsu sunan mahaifiyata ta ci, don haka Mamana nake kiran ta.

Jami'armu tana da wata yarjejeniya da wasu jami'o'i na ƙasashen waje. Ɗan ma'aikacinmu zai iya karatu a can ba tare da biyan kuɗin makaranta ba, su ma 'ya'yan ma'aikatansu su zo tamu. Guraben kaɗan ne. Sharuɗɗan biyu ne: yaro ya samu shiga da ƙoƙarinsa, sannan ofishin kula da ma'aikata na wurin aikin ubansa ya aika da shaidar cewa lallai uban ma'aikaci ne, kafin ranar da za a rufe. Tun Mamana tana aji uku a sakandare na ba ta labarin wannan tsari. Daga ranar ta ɗora ranta a kai. Harhaɗa magunguna take so ta karanta, kuma ta yi wa abin aiki. Ko ziyara muka je Al Wukair wurin 'yan uwa, da littafi a jakarta.

Da lokaci ya yi, ta cike nata takardun, ni ma na cike nawa na kai ofishin kula da ma'aikata. Wata mata ce ke da alhakin sa hannu ta tura. Ta karɓa ba ta ko ɗago kai sosai ba, ta ce, "Khalas, shi ke nan, ka bar shi a nan." Bayan sati biyu na koma na tambaya. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce, "Ba na ce maka yana wurina ba? Kai kaɗai ne ma'aikaci a nan?" Na ba ta haƙuri na fito.

Dole in faɗi abin da ke raina a lokacin, don shi ne tushen komai. A shekarar ana ta rage ma'aikata. Mutum biyu a sashenmu an ƙi sabunta musu kwantiragi, ɗaya ma yaransa suna tsakiyar zangon karatu ya tattara su suka tafi. Nawa kwantiragin saura wata huɗu, kuma ta wannan ofishin zai bi. A ƙasar da zamanka da na iyalinka duk a kan aikinka suke rataye, mutum yakan koyi yin shiru. Na ce wa kaina kada in zama wanda za a riƙa cewa ya fiye naci. Daga ranar ban sake hawa benen ofishin nan ba.

Kafin azumi amsoshi biyu suka zo. Jami'ar da muke so ta rubuto cewa ta ɗauki Mamana, amma batun tallafi sai mu jira, wai bana sun canza tsarin tantance takardu, komai ya yi jinkiri. Ta biyun wata jami'a ce a Malesiya, wadda Mamana ta nema don ko-ta-kwana. Su sun yafe mata rabin kuɗin makaranta, da sharaɗin mu amsa cikin sati uku, mu biya kafin alƙalami wanda ba a mayarwa.

Ranar wata Juma'a, na dawo daga masallaci, maiɗakina ta same ni a ɗaki ta turo ƙofa.

"Malam, mu biya na Malesiyan nan. Ga sarƙata da 'yan kunne, a kai su kasuwa. In ɗayan ya fito, shi ke nan, mun yi asarar kafin alƙalami. In bai fito ba, yarinya tana da wurin zuwa."

"Haba Hajiya," na ce, "a sayar da sarƙar da mahaifiyarki ta bar miki, a zuba a inda ba za a dawo da shi ba? Shekara goma sha ɗaya ina yi wa mutanen nan aiki. Wannan haƙƙina ne."

"Haƙƙinka ne, amma ka gan shi a hannunka?"

Na yi mata faɗa. Na ce ba ta san yadda aikin ofis yake tafiya ba. Ta mayar da sarƙar cikin gwangwaninta.

Kwana uku kafin wa'adin Malesiya ya cika, ina mayar da Mamana gida daga makaranta, muna tsaye a danja, ta juyo ta ce, "Abba, a shafin jami'ar har yanzu wurin shaidar ma'aikaci babu alama. Ka koma wajen matar nan kuwa?"

Ina riƙe da sitiyari, ina kallon gaba, na ce, "Na je, Mamana. Ta ce ta tura tuntuni. Ai kin ga sun ce komai nasu ya yi jinkiri bana, shi ya sa bai nuna ba."

Ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "Alhamdulillahi. To a bar na Malesiyan."

Da azumi a bakina na yi wannan ƙaryar. Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa. Ina jin kunya ce ta in ce wa 'yata ubanta yana tsoron hawa bene ya tambayi wata mata takarda. Kuma jinkirin da jami'ar ta sanar ya ba ni wurin fakewa. Kowa jira yake, iyayen da muke tare a wani zaure na waya kullum kukansu ke nan, an ce wannan sati, an ce sati mai zuwa. Sai na saka shirun namu cikin nasu, na kwantar da hankalina. Wa'adin Malesiya ya zo ya wuce.

Bayan sallah da 'yan kwanaki shugaban sashenmu ya aike ni da wata takarda ginin gudanarwa. Mai gadin ƙofar wani bawan Allah ne ɗan Zangon Kumasi, mun saba, mukan yi sallar azahar tare. Muka gaisa, na ce bari in leƙa in gaida matar nan tunda na zo. Ya dube ni da Hausarsa ta Zango wadda ba ta raba mace da namiji, ya ce, "Wane madam? Ai madam ya tafi tun kafin azumi. Uwanshi ba lafiya, ya tafi ƙasarsu. Wani yaro ne ke zaune a kujeranshi yanzu."

Ban san lokacin da na hau benen ba. Wanda ke riƙe da wurin ya saurare ni da kyau, ya buɗe kwamfuta bai ga komai ba, ya jawo wata durowa ya fara ɗaga takardu. Tawa tana can ƙasa, da rubutun hannuna, wurin sa hannun fari fat. An rufe karɓar shaida da kwana goma sha tara.

"Me ya sa ba ka zo ba?" ya tambaye ni. "Minti biyar ne aikin. Da ka zo ko sau ɗaya, da na yi maka."

Ya yi iya ƙoƙarinsa, ba zan ci haƙƙinsa ba. A ranar ya tura, ya haɗa da wasiƙar ban haƙuri cewa laifin ofishinsu ne. Sati guda na yi ina jiran amsar jami'ar, ni kaɗai na san abin da ake ciki, ina cin abinci ba na jin ɗanɗanonsa. Amsa ta zo gajeriya: sun yi nadama, an riga an raba guraben ga waɗanda takardunsu suka cika a kan lokaci. Mamana za ta iya zuwa in za mu biya da kanmu, kuɗin da ko albashina na shekara uku aka tara ba zai kai ba. Na kira Malesiya. Wata murya mai ladabi ta ce rangwamen ya koma kan wani ɗalibi.

Da na tashi daga aiki ranar, kasa nufar gida na yi. Na tsaya a unguwar Mesaimeer gaban wasu shaguna, na kashe mota, zafi yana dukana, ina kallon mutane suna shiga suna fita da ledoji. Na fi awa guda a wurin. Ina ta shirya yadda zan ɗora wa matar nan laifi duka, kuma da na yi, da an yarda da ni. Amma akwai maganar da na faɗa a danja, ita ba ta da inda zan ɓoye ta.

Na same su a falo, Mamana tana yi wa ƙanwarta kitso. Na sa ƙananan suka shiga ɗaki, na zauna na faɗi komai. Mamana ba ta yi kuka ba. Ta riƙe matajin nan a hannu, ta ce a hankali, "Amma Abba, ka ce ka je."

Maiɗakina ta dube ni, na jira ta ce ai ta faɗa mini, wallahi da ta faɗa da na ji sauƙi. Sai kawai ta tashi ta shiga kicin, na ji ta kunna famfo ta bar shi yana zuba.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi tsawo a rayuwata. Ƙawayen Mamana suka watse, wannan ta tafi Turkiyya, waccan ta shiga jami'a a nan Doha, suna turo hotuna. Ita tana gida, tana taya uwarta yin dambun nama da alkaki na sayarwa. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba. Za ta gaishe ni, ta kawo mini abinci, ta ɗauke kwano. Amma hirar da muke yi a mota, da yadda takan biyo ni da tambayoyi a kan sinadaran da ke ɗakin aikina, duk suka ɗauke. An sabunta mini kwantiragi kuwa. Na karɓi takardar na rasa ko murna zan yi.

Da shekara ta zagayo muka sake nema. Wannan karon da ƙafata na bi takardar tebur-tebur, har aka fara gundura da ni, komai ya isa da wuri. Ba a zaɓe ta ba. Masu nema sun yi yawa, an fi duba waɗanda suka gama a shekarar. Ita da kanta ta ce a mayar da ita Kano wurin gwaggonta. Ta zauna jarrabawar shiga jami'a, ba ta samu harhaɗa magunguna ba, aka ba ta ilimin sinadarai. Yanzu tana koyarwa a wata sakandaren 'yan mata, ɗalibanta suna son ta, ta yi aure, har na samu jika.

Sai da na je hutu bayan ta haihu na iya buɗe baki na roƙe ta gafara yadda ya kamata. Tana jijjiga jaririn a kafaɗa, ta ce, "Abba, na yafe tun tuni. Karatun nan wataƙila dama ba rabona ba ne. Abin da ya daɗe yana yi mini ciwo shi ne, da ka ce mini ba ka je ba, da ni na je. Ko rakiya ce da na yi maka."

Wannan maganar ta fi duk abin da ya faru nauyi a wurina. Ban taɓa kawowa a raina cewa yarinyar da nake ɓoye wa tsorona za ta iya taya ni ɗaukar sa ba.

Na yarda komai da ƙaddara, amma na san inda nawa sakacin yake, ba na kuma laɓewa a bayanta. Abin da na koya shi ne, in makomar ɗanka tana kan teburin wani, jin nauyi ba ladabi ba ne. Ka je, ka sake komawa, a ɓata maka rai, ka ga abin da idonka. In matarka ta ce a riƙe ƙaramar dama kafin babbar ta tabbata, ka saurare ta. In kuma tsoro ya hana ka yin abin da ya kamata, ka faɗa wa iyalinka gaskiya tun da sauran lokaci. Su ne za su zauna da sakamakon, ya kamata a ce da su aka yanke shawarar.